Anti, A Sayar da Gonar Gado In Tafi Karatu Ingila?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 25, haifaffiyar Rikkos a nan Jos. Na yi digirina a fannin labarin ƙasa, bara na gama bautar ƙasa. Tun ambaliyar 2012, wadda ta ci gidanmu ta kuma tafi da yara biyu na maƙwabtanmu, na ƙudurta a raina sai na karanci muhalli, na gane dalilin da ya sa kullum talaka ne ruwa yake ci. Yanzu wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya, a kan ci gaba mai ɗorewa da adalci a tsakanin al'umma. Kuɗin makaranta fam 17,000 ne, sun yi mini rangwamen 3,000. Ejan ɗin da ya nema mini ya ce in ban biya kafin alƙalami cikin mako uku ba, gurbin ya wuce ni. Babanmu ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar mana gona a hanyar Bauci, har yau ba a raba gado ba. Mu shida ne, biyu suna firamare. Mama ta yarda a sayar da gonar in tafi. Yayanmu ya ce atafau, wai ba za a sayar da gonar Baba saboda karatun bola da dashen itace ba, in nemi miji kawai. Yanzu tsakanina da shi sai gaisuwa. Anti, ni ce mai son kai, ko shi ne yake tauye ni?

Ƙanwarki daga Rikkos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Allah Ya jiƙan yaran nan biyu da sauran waɗanda ruwan ya tafi da su a wancan dare.

Zan fara da abin da na san ba zai yi miki daɗi ba, don kada ki yi ta jiran sa har ƙarshen amsa: kada a sayar da gonar nan, kuma kada ki biya kafin alƙalamin nan. Karatun kuwa ina so ki yi shi, ina so ki yi shi a wajen ma, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Hanyar da aka ɗora ki a kai ce ban yarda da ita ba.

Ɗauko biro da takarda mu yi lissafi. An rage miki 3,000, saura fam 14,000. Kafin a ba ki biza sai kin nuna kuɗin zama, sama da fam 1,000 na kowane wata har wata 9, kuma sai sun kwana 28 a jere a cikin asusun banki ba su ragu ba. Akwai kuɗin asibiti da ake karɓa tun kafin ki tashi, fam 776 a shekara ga ɗalibi. Ga kuɗin bizar kanta, ga gwajin tarin fuka, ga tikitin jirgi, ga rigunan sanyi, don sanyin Jos na Disamba da kika sani bai kama ƙafar nasu ba. In kika haɗa za ki ga abin ya haura fam 25,000. A lokacin da fam ɗaya yake kusan naira 2,000, maganar miliyan 50 ake yi. Nawa aka taya gonar? Ba ki faɗa mini ba, amma ina zargin ko an sayar da ita rabin hanya za ta kai ki.

Na san amsar da ejan zai bayar: in kin je za ki yi aiki ki cike. Doka ta ba ɗalibi awa 20 kacal a mako lokacin da ake karatu. Kuɗin awa 20 a gidan kula da tsofaffi ko a shago yakan biya haya da abinci in an tsuke baki, ba ya biyan bashin makaranta. Kuma digirin shekara ɗaya gudu ne ba numfashi; wadda ta kwana a wurin aiki ta wayi gari a aji ba ta da lokacin koyon abin da ya kai ta. Ki tuna kuma da abin da ya sami naira. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta wuce 1,500. Ɗaliban da suka tafi da lissafin biya kashi-kashi daga gida suka tarar kuɗinsu ya narke a hannun iyayensu. A 2024 an cire wasu 'yan Najeriya daga karatu a wata jami'a ta arewacin Ingila saboda sun kasa cika kuɗi, aka kuma sanar da hukumar shige da fice. Ni kaina akwai ɗan ƙawata da ya tafi da kuɗin gidan da uwarsa ta sayar a nan Abuja. Ya gama rubuta jarrabawa, makarantar ta riƙe sakamakonsa saboda bashi, uwar kuma yanzu haya take zaune. Na zauna da ita tana kuka, ba na so in sake ganin irin wannan a gidanku.

Mako ukun nan da ejan yake razana ki da shi kada ya hana ki barci. Yawancin ejan-ejan kamasho jami'a take ba su a kan kowane ɗalibin da ya biya, gaggawarsa ta aljihunsa ce. Ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kanki, daga imel ɗinki, ki ce kina neman a ɗage miki gurbin zuwa baɗi saboda kina neman tallafi. Jami'o'i da yawa suna yarda. In sun ƙi, takardun da suka sa aka ɗauke ki bana suna nan a hannunki.

Yanzu maganar da ta fi zauna mini a rai. Gonar nan ba ta Mama ba ce ita kaɗai, ba kuma taki ba ce. Mama tumuninta take da shi, ɗaya bisa takwas, sauran na 'ya'ya ne, kowa da rabon da Allah Ya yanka masa. A cikinku akwai yara biyu da ba su mallaki hankalin kansu ba, marayu, ba su isa su ce sun yafe ba, ba kuma wanda ya isa ya yafe a madadinsu. Mama ta ce a sayar saboda uwa ce, tana ganin idonki ya yi ja tana so ta share miki hawaye. Ke ce ya kamata ki ce mata a'a. Kin rubuto mini cewa abin da ya hana ki sakat tun kina yarinya shi ne yadda kullum talaka mara ƙarfi ne ruwa yake ci. To ƙannenki biyun nan su ne marasa ƙarfin gidanku. Ba na ce ke mai son kai ba ce; buri ne ya rufe miki ido, kuma burin mai kyau ne. Amma na tabbata da kin isa can, aka fara darasin haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna a kan ƙasa da ruwa, fuskar yaran nan za ki riƙa gani.

Shawarata a nan, ku nemi malamin da ya san ilimin gado, ko ku je kotu, a fitar wa kowa rabonsa a rubuce, ko da za a ci gaba da noma gonar a haɗe. Shekara huɗu ba a raba ba ya yi yawa, kuma irin wannan jinkirin ne yake raba zumunci.

Ke nan Yayanki yana da gaskiya a kan gona. A kan karatun kuwa ya yi kuskure, kuma kuskuren ya ba ni takaici, don a Jos yake zaune. Wanda ya tashi a garin nan bai kamata ya raina wannan ilimi ba. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a kan tudun nan, ita ce ta jawo kakannin mutane da yawa daga Kano da Katsina da Bauci da Barno, wasu da ƙafarsu, wasu kuma an kwaso su aikin tilas a lokacin yaƙin duniya na biyu. Kuzar ta tafi Ingila. Abin da aka bar mana shi ne ramuka da kududdufai daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi, gonaki sun lalace, ruwa yana cin yara. Su dai kududdufan nan kuma su ne masu noman rani suka mayar abin dogaro, suna jan ruwa da inji suna fitar da kabeji da karas da latas da tumatir zuwa kasuwar Farin Gada. Ruwan nan lafiyayye ne? Wa yake gwada shi? Wa ke da ikon bakin kududdufi, mai gona ko mai shanu ko mai wankin kuza? Bolar da yake faɗa da raini, masu lambu a bakin kogin Dilimi sun daɗe suna sayen tokarta suna zubawa a matsayin taki, kuma akwai bukatar wanda zai gaya musu wace ce mai gyara ƙasa, wace ce mai ɗauke da guba. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara wajen 400 suka mutu saboda ana niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida ba wanda ya sani.

Ambaliyar da kika tsira daga cikinta ma haka take. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, mutum fiye da 30 suka rasu, gidaje da yawa suka rushe a Rikkos da kewaye. Amma me ya kai mutane gini a bakin rafi? Wa ya sayar musu da filin, wa ya sa hannu, ina magudanan ruwa? Bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 garin ya rabu, kowa ya koma inda yake jin zai kwana lafiya, unguwanni suka cushe, aka gangara har cikin hanyar ruwa. Nan ne maganar muhalli da maganar adalci suke haɗuwa, a ƙofar gidanku. A 2022 ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a faɗin ƙasar nan, a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Wanda ya ce wannan fanni ba karatu ba ne bai zauna ya duba ba.

To yaya za a yi ki tafi? Da kuɗin waɗanda suka ware kuɗi domin irinki. Fanninki yana cikin waɗanda masu ba da tallafi suka fi so. Gwamnatin Birtaniya tana da Chevening, wanda yake biyan makaranta da jirgi da kuɗin zama. Ana buɗe shi wajen watan Agusta, yana bukatar awa 2,800 na aiki, kimanin shekara biyu ke nan, da alƙawarin za ki dawo gida ki zauna aƙalla shekara biyu. Akwai tallafin Commonwealth na haɗin gwiwa da jami'o'i, wanda aka yi shi musamman don wanda ba shi da halin biya, kuma kwasa-kwasan da suka shafi ci gaba ne kaɗai a cikinsa. Ki fara dubawa ko jami'ar da ta ɗauke ki tana ciki. Hukumar DAAD ta Jamus tana da jerin digiri na biyu na fannonin raya ƙasa ga masu shekara biyu a bakin aiki. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana ba da Yuro 1,400 a wata, ki yi karatu a ƙasa biyu ko fiye. Duk waɗannan ba a biyan ko sisi wajen cika takardarsu, ba kuma sa bukatar ejan. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki ɗaya daga cikinsu ɗan damfara ne.

Ba zan ɓoye miki ba, gasa ce mai zafi, dubbai suke nema a ɗauki kaɗan. Mutane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke samu. Za a iya ƙin ki, za ki ji ciwo, ki sake nema.

Kin lura rabinsu aiki suke tambaya. Shi ya sa shekara ɗaya ko biyun da za ki ƙara a gida ba asara ba ce, ita ce jarin. Ki nemi aiki ko na sa-kai ne a inda ake taɓa ƙasa da hannu: ƙungiyar da take aiki da manoman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, masu gina rijiyoyi da ban-ɗaki a unguwanni, masu sulhu tsakanin manoma da makiyaya, ko ofishin shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ki riƙa karɓar takardar shaida, da ranakun farawa da gamawa, da sa hannun shugaba. In ba ki samu ko ɗaya ba, ki ƙirƙiri naki. Ke mai digirin labarin ƙasa ce: ɗauki waya da littafi, ki tara 'yan matan unguwa biyar, ku bi rafin da ya ratsa Rikkos gida-gida, ku zana inda ruwa ya kai a 2012, inda aka sake gini, inda bola ta toshe magudana, ku tambayi tsofaffi yadda rafin yake a da. Ku kai wa mai unguwa da kansila. Wanda yake tantance takardun neman tallafi ya karanta ɗaruruwan masu cewa suna son ceton duniya daga sauyin yanayi. In ya ci karo da wadda ta ce ga unguwata, ga taswirar da muka yi, ga abu ɗaya da na kasa warwarewa shi ya sa nake so in zo, zai dakata ya sake karantawa.

Wannan tambayar da za ki tafi da ita ita ce za ta zaɓa miki kwas. Kalmar ɗorewa ta zama kayan talla, ana manna ta a jikin kwasa-kwasan da ba su da komai sai surutu a aji. Ki buɗe jerin darussan ki gani: za a koya miki zana taswira da hotunan tauraron ɗan Adam? Za ki iya gwada ruwa da ƙasa? Za ki fito kin iya nazarin tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar Najeriya ta wajabta wa manyan ayyuka tun 1992? Za ki iya karanta kasafin kuɗi da dokar filaye? Sannan za su bar ki ki dawo Jos ki yi bincikenki na ƙarshe? In ruwa ne damuwarki, cibiyar IHE da ke Delft a Holan aikinta ke nan. In noma ne, jami'ar Wageningen, ita ma a Holan. In siyasar talauci da rabon arziki ne, cibiyar nazarin ci gaba da ke Sussex a Ingila ta yi suna. Kada kuma ki ɗauka waje sai Turai. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyar ruwa da makamashi da sauyin yanayi a Tlemcen ta Aljeriya, da tallafinta. A gida ma cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban.

Ina so ki je ba tare da kin raina kanki ba. Za ki zauna a aji ki ji ana ba da misali da Afirka kamar wurin da ake kai wa ilimi kawai. Ki tuna cewa manoman Maraɗi, Hausawa irinki, tun shekarun 1980 suka koma barin kututture ya tofo a gona suna gyara shi suna renonsa, aka wayi gari gawo da sauran itatuwa sun dawo a kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Yanzu daga ƙasashen duniya ake zuwa koyo a wurinsu. Ki tuna kuma nahiyar nan ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da yake ɗumama duniya, amma ga tafkin Cadi, ga Maiduguri, ga Rikkos. Kina da abin faɗa a ajin nan.

Wani abu kuma da Yayanki zai tambaya, kuma yana da haƙƙi: in kin dawo me za ki ci? Aikin yana nan, a hukumomin gwamnati, da kamfanonin da suke nazarin muhalli, da jami'a, da ƙungiyoyi. Sai dai ba a kwance yake ba. Da Amurka ta yanke tallafinta na ƙasashen waje a 2025, ma'aikatan ƙungiyoyi da yawa a nan Abuja sun koma gida. Wanda yake da sana'a a hannu, mai iya taswira ko gwajin ruwa ko lissafin bayanai, shi ya fi saurin miƙewa. Wannan ma wani dalili ne na kada a jingina abincin gida gaba ɗaya a kan digiri guda.

Ki je wurin Yaya. Babban wa magajin uba, kuma ina jin nauyin da ya faɗo masa tun rasuwar Baba ne yake fitowa ta bakinsa da kaushi. Kada ki je da muhawara. Ki gaishe shi, ki zauna, ki ce: Yaya, na yi tunani, gaskiyarka ce a kan gona, na janye. Ki yi shiru ki bar maganar ta shige shi. Bayan kwana biyu ki koma da buƙatarki, in da hali tare da kawu ko goggon da yake jin nauyinta: ina so ka ba ni shekara biyu in nemi tallafin da ba zai ci ko kwabo na gidan nan ba, in na samu ka sa mini albarka. Ki nuna masa taswirar unguwarku in kun fara. Dashen itacen da yake rainawa, ya san hadisin da ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Ba sai kin tuna masa da gatse ba, kawu zai iya faɗa.

Maganar aure kada ki mayar da ita abokiyar gabar karatu. In akwai wanda kike so, ki gaya masa burinki tun yanzu, kafin a kai kuɗin gaisuwa, ki ji ta bakinsa. Ku san cewa tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji tafiya da miji ko mata, in ban da 'yan kaɗan da doka ta ware, don haka rabuwar shekara guda ce za ku tattauna. Batun tafiyar mace ita kaɗai kuma malamai sun yi magana a kai, ku tambayi wanda gidanku ya amince da iliminsa, ke da Yaya tare, don kada a ce kin zaɓo mai faɗa miki abin da kike so. In tafiyar ta tabbata, kafin ki sayi tikiti ki samo wata 'yar Arewa da take garin, ki san inda masallaci yake, ki haɗa ta da Mama a waya.

Yau da dare ki fara da Mama. Ki gode mata, ki gaya mata ta sallami dillalin da yake kawo masu taya gonar. Gobe ki rubuta wa jami'ar neman ɗage gurbi. In amsarsu ta zo ki turo mini, ki haɗa da rubutun farko na takardar da za ki bayyana kanki a cikinta, zan karanta miki.

Allah Ya yi miki jagora, Ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki.

Antinki